Sukar 'Yan Sawaba ga Mulkin En'e: Asalinta, Hujjojinta da Abin da Ta Haifar

Ran 8 ga watan Agusta, 1950, waɗansu samari takwas suka taru a Kano suka kafa jam'iyyar NEPU, wadda Hausawa suka fi sani da sunan Jam'iyyar Neman Sawaba. Cikinsu akwai Abba Maikwaru, da Bello Ijumu, da Magaji Dambatta, da Mudi Sipikin. A cikin wannan watan kuma Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa a Kaduna, ya nemi a naɗa kwamiti mai zaman kansa ya binciki yadda a ke tafiyar da mulkin En'e. Ya ce talakawa ba su da bakin magana, cin hanci ya yi yawa, kuma barin iko duka a hannun mutum ɗaya ba shi da tushe a Musulunci. Malam Abubakar kuwa ba ɗan tawaye ba ne, daga baya ma shi ne ya zama ɗaya daga cikin manyan jam'iyyar NPC. Watau ke nan a wannan shekara masu zafin ra'ayi da masu sanyinsa duk sun yarda akwai ciwo. Inda suka rabu shi ne wajen sunan ciwon da maganinsa.

Manufar wannan takarda ita ce a bayyana irin sukar da masu zafin ra'ayin suka yi, inda suka samo hujjojinsu, da abin da ya tabbata daga cikinta bayan an jarraba.

Abin da a ke nufi da "hagu"

Kiran masu neman sauyi "'yan hagu" ya samo asali ne daga majalisar Faransa ta 1789, inda masu goyon bayan sarki suka zauna dama da shugaban majalisa, masu neman a rage ikonsa kuwa suka zauna hagu. Wannan suna bai kama ƙasa ba a bakin Hausawa, gama hagu ba ta da daraja a al'adarsu: ba a ci da ita, ba a miƙa wa babba abu da ita. Saboda haka sai aka sami waɗansu kalmomi. A kan ce "masu ra'ayin sauyi" ko "'yan gurguzu", a kira abokan hamayyarsu "'yan mazan jiya". Amma kalmar da ta ɗauki nauyin duka ita ce "sawaba", watau sauƙi bayan tsanani. Magoya bayan NEPU su kan gaisa da ita a wajen taro, na NPC kuwa su ce "salama". Alamar NEPU tauraro, ta NPC fartanya.

Abin da ya bambanta sukar mai ra'ayin sauyi da ta sauran masu gyara shi ne wannan. Mai gyara ya kan ce wane ya ci amana, a tuɓe shi a naɗa mai gaskiya. Mai ra'ayin sauyi kuwa ya kan ce kujerar ce ke sa cin amana, ko wa aka ɗora a kanta haka zai yi, sai dai a sake kujerar. A kan wannan ne 'yan Sawaba suka tsaya.

Yadda mulkin En'e ya ke a wancan zamani

Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya zaɓi ya yi mulki ta hannun sarakuna. Aka fitar da hakimai daga birane aka zaunar da kowa a gundumarsa, aka kafa Baitulmali a kowace masarauta, aka yanka wa sarki da hakimai da alƙalai albashi. A manyan masarautu doka ta ɗauki sarki shi kaɗai a matsayin En'e, majalisarsa shawara kawai ta ke ba shi. A ƙarƙashinsa a ke tara haraji da jangali, daga mai unguwa zuwa dagaci, daga dagaci zuwa hakimi. A ƙarƙashinsa 'yan doka su ke, da dogarai, da gidan yari, da alƙalai. Shi kansa yana zaman shari'a, a manyan masarautu har shari'ar kisan kai ya kan yi. Lauya kuwa ba shi da izinin tsayawa gaban alƙali.

Akwai abubuwa biyu cikin wannan tsari da suka buɗe ƙofar ɓarna. Na ɗaya, an ba hakimi albashi, amma ba a ba barorinsa da fadawansa da mawaƙansa ba, alhali kuwa darajarsa a idon jama'a tana bisa yawan waɗanda ya ke ciyarwa. Abin da albashi bai kai ba, gunduma ce ke cikawa. Na biyu, kafin zuwan Turawa sarkin da ya matsa wa jama'a yana tsoron tawaye, ko masu zaɓen sarki su juya masa baya, ko talakawa su yi ƙaura su bar masa kufai. Da Turawa suka tsaya a bayansa, sai tsoron ya koma wuri ɗaya tak, watau wajen Razdan. In Razdan ya gamsu da lissafin haraji, kukan talaka ba ya nisa.

Rijiyoyi biyu da aka ɗebi hujja

Rijiya ta farko ta ƙasar waje ce. Malam Aminu Kano, wanda aka haifa a 1920, ya yi karatun aikin malanta a Landan a 1946 zuwa 1947, ya yi cuɗanya da masu ra'ayin gurguzu na Ingila, ya kuma karanta labarin gwagwarmayar Gandi a Indiya. Malam Sa'adu Zungur, wanda suka yi zaman Bauci tare har suka riƙa shirya taron muhawara tun 1943, ya zama babban sakataren jam'iyyar NCNC a Ikko a 1948. Sanarwar Sawaba, wadda NEPU ta fitar a 1950, ta ce ƙasar Arewa ta kasu aji biyu masu gaba da juna, masu riƙe da En'e da talakawa, kuma talaka ba zai 'yantu ba sai da hannunsa. Wanda ya gwada wannan sanarwa da ƙa'idodin da wata ƙaramar jam'iyyar gurguzu ta Ingila ta rubuta a 1904 zai ga kusan sawu ɗaya suka bi, sai dai inda waccan ta ce ma'aikata, wannan ta ce talakawa.

Amma fa manomin Gumel ko maɗinkin Fagge ba ruwansa da abin da aka rubuta a Landan. Abin da ya ratsa shi daga rijiya ta biyu ya fito, watau littattafan masu jihadi. A cikin Kitabul Farƙ, Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya lissafta al'adun sarakunan Haɓe da ya ƙi, ya kira su da sunayensu na Hausa: jangali, da kuɗin gari, da kuɗin salla, da gaisuwa, da kamuwa, da tawasa. Ya ƙi gadon sarauta ba tare da shawara ba, ya ƙi alƙalin da ke karɓar toshiya. Ƙanensa Malam Abdullahi kuwa ya yi kuka cikin Tazyinul Waraƙati da yadda waɗansu 'yan jihadin kansu suka karkata ga neman duniya, ya kuma rubuta wa Kanawa Liya'ul Hukkami don ya nuna musu yadda a ke mulki bisa shari'a. Malam Aminu ɗan gidan malamai ne na Genawa, mahaifinsa muhuti ne a kotun alƙali, Malam Sa'adu kuwa ɗan gidan limamai ne na Bauci. Sun san littattafan nan sarai. Saboda haka suka iya tsayawa a dandali su ce wa masu sarauta: abin da kakanninku suka yi yaƙi don su kau da shi, shi ku ke yi yau. Wannan hujja ta fi ta gurguzu ciwo, domin ta taɓa ainihin abin da sarautar ta ke taƙama da shi.

Waƙa ma ta yi aikinta. Malam Sa'adu ya yi "Arewa, Jumhuriya ko Mulukiya", inda ya gargaɗi sarakuna su gyara kafin lokaci ya ƙure. Mudi Sipikin ya mayar masa da amsa da "Arewa Jumhuriya Kawai". Gambo Hawaja da ire-irensa suka riƙa rera waƙoƙin jam'iyya a wuraren taro, waɗanda ba su iya karatu ba suka haddace su, suka kai su ƙauyukan da jarida ba ta zuwa.

Tuhuma uku

Tuhuma ta farko ita ce cin dukiyar talaka. 'Yan Sawaba suka ce a kan karɓi haraji fiye da yadda aka yanka, a kan rubuta yaron da bai isa ba, a kan karɓa ba rasit, a kan ƙara yawan shanun Bafillace wajen jangali sai ya yi toshiya a rage. Suka ce a kan kora mutane noman gandun hakimi da ɗaukar kayan masu rangadi ba lada. Babbar gardama a nan a kan kalmar "gaisuwa" ta tsaya. Masu sarauta suna ganinta ladabi ce, ƙarami ba ya zuwa gaban babba hannu rabbana. 'Yan Sawaba kuwa suka ce kyautar da ba ka da ikon ƙin bayarwa ba kyauta ba ce, kuma wadda aka kai wa mai yanke maka hukunci sunanta hanci, gama kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Dagacin da ya sami rawani da gaisuwa, a jikin talakawansa zai fanshe.

Tuhuma ta biyu ita ce danniya. Tun da ya ke mai ƙara da mai kamu da mai shari'a da mai tsaron gidan yari duk ma'aikatan hukuma ɗaya ne, wanda ya saɓa da wannan hukuma ba shi da inda zai kai kuka. Ba a yin taron siyasa sai da takardar izinin En'e, En'e kuwa manyanta su ne manyan NPC. In an yi taro ba izini a ɗaure mutum, in an yi da izini a ce ya zagi sarki. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda aka haifa a 1933, an ɗaure ta sau da yawa saboda lacca da tara mata, masu ba da tarihinta su kan ce sau 16. A Kano kuma aka sami ƙungiyar 'yan ta'adda da a ke kira Jam'iyyar Mahaukata, masu dukan 'yan NEPU. Don haka Malam Aminu ya riƙa koya wa talakawa su ƙi aikin tilas, su nemi rasit, su daina faɗuwa ƙasa gaban mai mulki, su kuma daina jin kunyar shiga gidan yari in a kan gaskiya ne.

Tuhuma ta uku ita ce an shirya zaɓe yadda ba za a ka da mai iko ba. Zaɓen 1951 hawa-hawa aka yi shi, daga unguwa zuwa gunduma har zuwa lardi. NEPU ta yi ƙarfi a hawan farko a birnin Kano, amma doka ta ba En'e ikon ƙara nata mutane, kashi goma cikin ɗari, a hawa na ƙarshe. Da aka gama, NEPU ba ta sami kujera ko ɗaya ba a Majalisar Kaduna. Sai a 1959 aka yi zaɓe na kai tsaye da ƙuri'ar asiri a Arewa duka, shi ma maza kaɗai. Cikin kujeru 174 na Arewa a Majalisar Tarayya NPC ta ci 134, NEPU ta ci 8, ko da ya ke an jefa mata ƙuri'a sama da rabin miliyan. A zaɓen Jihar Arewa na 1961 kujera ɗaya ta rage mata.

Irin wannan kuka bai tsaya bakin iyaka ba. A Nijar jam'iyyar Jibo Bakari ta ɗauki sunan Sawaba, ta nemi a ce a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 1958, Faransawa da yawancin sarakuna suka haɗu a kanta, aka haramta ta a 1959. 'Ya'yanta da dama sun sami mafaka wajen 'yan NEPU a Kano.

Amsar abokan hamayya

Ba a yi adalci ba in ba a ji ta ɗaya gefen ba. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da mutanensa suna da hujja uku. Suka ce Arewa ba ta da isassun masu ilmin boko, En'e ce kaɗai injin da ke tafiyar da makaranta da asibiti da hanya, in an rushe ta kafin a gina wani abu, ma'aikatan Kudu ne za su cike gurbin. Suka ce gyara a hankali ya ke yiwuwa, ga shi kuwa ana yi: a 1952 an daina ɗaukar sarki shi kaɗai a matsayin En'e sai tare da majalisarsa, a 1954 an yi sabuwar dokar En'e, a 1960 kuma sabuwar dokar hukunta laifuffuka ta fara aiki, bayan shawarar wani kwamitin masana wanda Alƙalin Alƙalan Sudan Abu Rannat ya shugabanta. Suka kuma ce NEPU ta ƙulla ƙawance da NCNC tun 1954, saboda haka bakinta a Arewa ya ke, amma igiyarta tana hannun wasu.

Cikin waɗannan akwai abin dubawa. Lalle ƙawancen nan ya ja wa NEPU asarar magoya baya, kuma bayan 1959, da NCNC ta shiga gwamnatin haɗin gwiwa da NPC a Ikko, sai NEPU ta wayi gari tana gefen gwamnati a Tarayya, tana shan ɗauri a gida. Har wa yau bayanin aji biyu bai cika daidai da ƙasa ba. Cikin talakawa akwai attajiran da arzikinsu ya dogara ga En'e, cikin 'yan NEPU kuma akwai 'ya'yan sarautar da aka hana rawani. M. G. Smith, wanda ya yi nazarin mulkin Zazzau, ya nuna a 1964 cewa cin hanci a sarautar ƙasar Hausa ya girmi zuwan Turawa, saboda haka korar Turawa kaɗai ba za ta kau da shi ba.

Binciken Kano na 1962

Abin da ya fi jarraba maganar ɓangarorin nan biyu shi ne abin da ya faru a Kano. Sarki Muhammadu Sanusi ya gaji mahaifinsa Abdullahi Bayero, wanda ya rasu a ƙarshen 1953. Sarki ne mai kwarjini, malami, jigo a NPC, kuma a zamaninsa 'yan NEPU suka sha wuya ƙwarai. A 1962 Baitulmalin Kano, wanda ya fi na kowace masarauta samun kuɗi, ya shiga matsi har biyan albashi ya yi wuya. Gwamnatin Jihar Arewa ta naɗa wani Bature, D. J. M. Muffett, shi kaɗai ya binciki kuɗin En'e. Bayan ya miƙa rahotonsa, Sarki Sanusi ya yi murabus a watan Maris na 1963, aka kai shi Azare.

Da farko sai a ce 'yan Sawaba sun ci gari, tun da abin da suka shekara goma sha biyu suna faɗa ya fito daga bakin gwamnati. Amma wanda ya duba da kyau zai ga abu uku. Ba talakawa ne suka tuɓe sarkin ba, ba kuma wakilansu ba, hukumar da ta fi shi ƙarfi ce. Tsarin da ya haifi ɓarnar bai motsa ba, kotu da 'yan doka da gidan yari suna nan inda su ke. Kanawa da yawa kuma sun ɗauki al'amarin rikici ne tsakanin Sardauna da Sarki, domin an san akwai En'o'in da lissafinsu bai fi na Kano tsabta ba, ba a kuwa taɓa su ba. Magoya bayan tsohon sarki suka kafa jam'iyyarsu ta mutanen Kano, watau KPP, abin mamaki kuma sai NEPU ta haɗa kai da ita gaban zaɓen 1964. Darasin da masu ra'ayin sauyi suka ɗauka shi ne, binciken da mai iko ya ke buɗewa in ya so, ya rufe in ya so, makami ne a hannunsa, iko kuwa bai sauko wa talaka ba, daga fada ya tashi ya koma Kaduna.

Abin da ya biyo baya

Yawancin abin da NEPU ta nema ya tabbata, amma ba ta hanyar ƙuri'a ba. Bayan juyin mulkin 1966 soja suka haramta jam'iyyu duka. A shekarun da suka biyo aka ɗauke kotunan alƙalai daga hannun sarakuna aka mayar da su ƙarƙashin gwamnati, aka shigar da 'yan doka cikin 'yan sandan Nijeriya, aka karɓe gidajen yari. Malam Aminu kansa ya zama kwamishina a gwamnatin Janar Gowon daga 1967. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e, a lokacin nan ne kuma matan Arewa suka sami ikon jefa ƙuri'a. A 1979 jam'iyyar PRP, magajiyar NEPU, ta ci gwamnan Kano da na Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali a jihohinsu.

Duk da haka ba a daɗe ba PRP ta dare biyu, Santsi da Taɓo. Majalisar Kaduna ta tsige Balarabe Musa a watan Yuni na 1981, a watan Yuli kuma aka kashe Dokta Bala Muhammad a tarzomar Kano. Malam Aminu ya rasu ran 17 ga Afrilu, 1983, bai bar dukiya ba. Cin hanci kuwa bai mutu da mutuwar En'e ba. Ya bar sule da ragon gaisuwa, ya koma kwangila da kuɗin man fetur, waɗanda talaka ba ya ganin shigarsu balle fitarsu.

Wannan ya gaskata rabin maganar 'yan Sawaba, ya kuma nuna inda ta gaza. Sun yi daidai da suka ce laifin na kujera ne, domin duk inda aka tara kuɗi da kamu da hukunci a hannu ɗaya, ko mai rawani ne ko mai kaki ko mai babbar riga, sakamakon ɗaya ne. Inda suka gaza shi ne sun fi ba da ƙarfi ga wanda za a raba da iko, ba su tsara sosai yadda za a tsare wanda zai karɓa ba. Malamin da ke karantar da wannan tarihi ya kamata ya sa ɗalibansa su auna kowace hukuma da tambayoyin nan uku da talakan 1950 ya koya a dandali: wa ya karɓi kuɗin, ina rasit, kuma in an zalunci mutum, gaban wa zai kai ƙara wanda ba yaron azzalumin ba ne.